Buhun da Kaka Ajuma Ta Maido

Jama'ar wannan shafi, ina yi muku sallama. Da yawanku kun biyo ni ta bayan fage kuna tambayar dalilin da ya sa aka sauke hoton nan daga shafin ƙungiyarmu, na tsohuwa mai baƙin gyale da ake miƙa wa buhun shinkafa. Wasu har ta'aziyya suka yi mini, wai ko tsohuwar ce ta rasu. Ba ta rasu ba, tana nan da ranta. Ni ce na aikata abin da ya sa ba na iya kallon hoton, kuma yau zan faɗa muku yadda aka yi, ba zan yi wa kaina kwalliya ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Khadijatul Kubra, shekarata ashirin da shida, ungozoma ce ni a wata maternite, wato asibitin haihuwa, a nan Gaya. Shekara uku ke nan ina cikin ƙungiyar Hannu Ɗaya. Mu kusan talatin ne, duk matasa masu aiki: malaman lekol, wato makarantar boko, da ma'aikatan jinya, ƴan transit masu fito da kaya a bakin gada, da masu shaguna. Muna da koren jile, ƴar rigar sama marar hannu, mai sunan ƙungiya a baya. Da azumi mu kai kunu da ƙosai asibiti, da damina mu yashe magudanan unguwa, ranar Lahadi mu yi reniyo, wato taronmu, a ƙarƙashin rumfar wata lekol. Ba zan ɓoye muku ba, ina son jilen nan. In na ɗora shi a kan doguwar rigata na yafa hijabi ruwan toka, sai in ji ni wata ce, mai ilimi, mai addini, wadda ke bayarwa.

Wanda ya kafa ƙungiyar shi ne Zahradeen, mai farmasi a bakin babbar kasuwa. Kowa Perzidan yake ce masa, ni ma da haka na saba, ko da magana ta wuce ta ƙungiya tsakaninmu. Dogo ne, ba ya son hayaniya, in zai yi dariya sai ya sunkuyar da kai kamar wanda ya yi laifi. Mahaifiyarsa Hajiya Rakiya babbar ƴar kasuwar atamfa ce, daga Kwatano take sari. A lokacin da abin nan ya faru, an riga an tsayar da ranar Juma'ar da iyayensa za su zo gaisuwa gidanmu. Saura kwana goma sha bakwai.

To ga abin da ba ku sani ba. Ba a Gaya aka haife ni ba. A Tungar Labo aka haife ni, wata ƴar tunga ta Sarkawa a bakin kogi, gaba da Tunuga. Babana, Malam Abdoulaye, direban kamyon ne, babbar motar kaya. Yana saurayi yake zuwa ɗaukar kifi banda a can, ya ga mahaifiyata Hasiya, ya aure ta ba da son danginsa ba. Ta rasu ina da wata takwas. Mahaifiyarta, Kaka Ajuma, ita ta goya ni. A gindin murhunta na banda na koyi tafiya. Ita ke tauna mini kifi ta cire ƙaya ta sa mini a baki. Ba ta iya faɗin sunana yadda malamai ke faɗa ba, Kuburu take ce mini.

Ina shekara bakwai Baba ya zo ya ɗauke ni saboda lekol, ya damƙa ni hannun yayarsa Gwaggo Nana. Ranar da na iso, sau uku Gwaggo ta wanke ni da sabulu mai ƙamshi, tana shinshina wuyana tana cewa har yanzu da saura. Ta ƙona zanen da na zo da shi. Ba muguwa ba ce, kada ku ɗauke ta haka. Ita ta yi mini komai har na gama karatu a Yamai. Amma kullum maganarta ɗaya ce: "Ke ƴar gidan nan ce. Wancan wuri kin baro shi."

Da farko ina zuwa hutu. Daga baya ya koma ranar salla. Daga baya kuma sai aike, sabulu da sukari ta hannun Kawu Siddo, ƙanin mahaifiyata, in ya shigo kasuwa. Rabona da Tungar Labo shekara huɗu. Ita kuwa Kaka duk wata sai ƙunshin kifinta ya iso ni, a naɗe cikin takardar siminti. A bayan maternite nake karɓa, in raba wa masu shara.

Wata rana, farkon saninmu, Zahradeen ya tambaye ni dangin mahaifiyata. Muna tsaye bakin farmasi, ina riƙe da lemun da ya saya mini. Na ce, "Ai babu kowa, duk sun ƙare." Haka kawai ta fito, ban shirya ta ba. Ya ce Allah ya jiƙansu, na ce amin. Na yi wa Kakata amin tana raye.

Sai ga ruwan bana. Kun dai ga yadda kogi ya yi a ƙarshen watan takwas. Ranar wata Talata da safe ina gard, wato ina bakin aiki, salulata ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Gurup ɗin ƙungiya ne a WhatsApp.

Zahradeen ya rubuta: "Ƴan'uwa, ruwa ya ci tungaye uku gaba da Tunuga. Mutane suna kwance a filin lekol ɗin Tunuga. Asabar za mu kai shinkafa, tabarmi da gidan sauro. Wanda ke da abin bayarwa ya kawo farmasi."

Khaulat, ƙawata, malamar lekol ce kuma ita ke riƙe da shafin ƙungiya, ta tambaya: "Waɗanne tungaye ne, Perzidan?"

Ya jero su. Ta biyun ita ce Tungar Labo.

Na shiga ɗakin canza kaya na kira Kawu Siddo. Ya ce duk sun fita da rai, amma ɗakin Kaka ya zauna, murhun banda ma ya tafi. Ya ce da kwalekwale ya fito da ita, daga ita sai ƙullin kayanta.

Na ce, "Kawu, zan san abin yi."

Ya ce, "To, Allah ya yi albarka."

Da na tashi aiki na sami Gwaggo a madafa tana tsince zogale a faranti, za ta yi kwaɗo. Na durƙusa kusa da ita na faɗa mata, na ce ina so in ɗauko Kaka ta zauna a ɗakina har ruwa ya janye.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Yanzu?"

"Gwaggo, a fili take kwana."

"Ba ita kaɗai ba ce a filin. Kubra, ki yi tunani. Mutanen Hajiya Rakiya sun riga sun zo bincike, na ce musu uwarki ta rasu kina jaririya, ni ce uwarki. Ban yi ƙarya ba. Yanzu saura mako biyu su shigo su tarar da tsohuwa tana shanya kifi a tsakar gida, su ce wace ce wannan, me za ki ce? Ki bari a yi gaisuwar nan, a sa rana. Daga nan in kin ga dama ki gina mata bene."

Da na so, da na yi gardama. Da na so, da na kira Baba, yana hanyar Kwatano amma salularsa na shiga. Ban yi ko ɗaya ba. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, da Gwaggo ta hana ni sai na ji wani sauƙi a raina, don na sami wanda zan ɗora wa laifi.

Na yi ƙoƙarin zamewa tafiyar Asabar. Na tura wa Zahradeen cewa kaina na ciwo. Ya amsa nan take: "Sannu. Zan aiko da magani. Amma akwai masu ciki a wurin, ke kaɗai ce ungozoma a cikinmu. Don Allah ki daure."

Ranar Asabar na sa baƙar abaya, na ɗora jile, na ja hijabi har gira, na sa takunkumin fuska irin namu na aiki, na ƙara da gilashi. Khaulat ta kalle ni a mota ta yi dariya, ta ce yau kuma tiyata za a yi? Na ce mura nake ji.

Filin lekol ɗin cike yake. An ɗaure tamfol a jikin itatuwa, tukwane a kan duwatsu, awaki a ɗaure jikin tagogin aji. Warin ruwa da hayaƙi ya bugi hancina, kuma wallahi ba ƙyama na ji ba, gida na ji. Na shige aji ɗaya na duba mata masu ciki har goma sha ɗaya, ina jan aikin don kada in fito. Amma aiki ya ƙare, Zahradeen ya leƙo ya ce in zo in taya shi miƙa gidan sauro, layi ya yi tsawo.

Tun daga nesa na gane ta. Ta rame, ta ƙara gajarta, tana dogara sandar gora. Baƙin gyalen da ke kanta ni na aika mata da shi wata salla. Duk wanda ya karɓa ya wuce sai ta matso taku biyu, ni kuma ina ji kamar ƙasa na matsowa da ni. Na yi niyyar in ce zan sha ruwa in bar wurin. Amma ban tafi ba.

Ta iso gabana. Na miƙa mata gidan sauro kaina a ƙasa. Ba fuskata ta kalla ba, hannuna ta kalla. Akwai tabon ƙuna a bayan hannuna na dama, na murhunta ne, ina shekara huɗu. Ta kama hannun da nata duka biyu.

"Kuburu?"

A hankali ta faɗa, amma Zahradeen yana gefena da buhu a hannu.

Ya ce, "A'a, kin san Iya ne?"

Jama'a, daƙiƙa ɗaya ce. Kalma biyu kawai ake nema a wurina. Sai na ji bakina ta cikin takunkumi yana cewa, "E, tana zuwa wurinmu asibiti. Na taɓa duba ta."

Ban ma yi tunanin me zai kai tsohuwa mai shekara saba'in maternite ba. Shi ma bai yi ba.

Kaka ta tsaya tana kallona. Ba ta saki hannuna da sauri ba, a hankali ta sake shi, yatsa bayan yatsa. Ta juya wurin Zahradeen ta ce, "Haka ne, ɗana. Ta taɓa duba ni. Tana da hannu mai kyau."

Ya yi murmushi ya ce, "Ai mun sani, Iya." Ya sunkuya ya miƙa mata buhun, ya ce in tallafa ta ɗaya gefen. Na tallafa. Hawaye ya cika mini ido har gilashin ya yi hazo. A daidai nan Khaulat ta ɗauki hoton. Muka ɗora mata buhun a ka, ta ɗauki sandarta ta juya. Ina tsaye ina kallo tana tafiya tana tangaɗi, har Kawu Siddo ya taso daga wata inuwa ya karɓe mata. Ya hango ni. Bai ɗaga mini hannu ba.

Kafin mu iso Gaya hoton ya hau shafi. Khaulat ta rubuta a ƙasansa: "Hawayen ungozomarmu a gaban wata baiwar Allah da ba ta da kowa." Kwana biyu kacal ya zagaye ko'ina. Ƴan Gaya mazauna Yamai da Kwatano suka yi ta aiko da kaya, har farmasi ta rasa wurin ajiya. Mutane suna rubuta mini Allah ya ƙara tausayi, Allah ya ba mu irinki. Hajiya Rakiya ta sa shi a statu ɗinta na WhatsApp ta rubuta "Ƴata." Zahradeen ya turo mini shi ni kaɗai, ya ce: "Duk lokacin da na kalli wannan sai in ƙara gode wa Allah da zaɓin da na yi."

Na mayar masa da alamar zuciya.

Gwaggo da ta gani ta daɗe tana kallo, sannan ta ajiye salular ta ce tuwo na ƙonewa. Baba ne ya dawo ranar Talata da hantsi. Ya yi wanka, ya zauna a kan tabarmarsa a zaure yana shan fura, ya aika a kira ni. Salularsa na gefen ƙwarya, hoton a buɗe. Abokan aikinsa ne suka tura masa suna taya shi murna.

Ya ce, "Wa ya rubuta ba ta da kowa?"

Na ce, "Khaulat ce, Baba. Ba ta sani ba."

"Ke kin sani?"

Na sunkuyar da kai.

Baba ba mai faɗa ba ne. Ya juya ludayi a cikin fura ya ce, "Ranar da na je neman uwarki, ni yaron mota ne, rigata ɗaya. Matar nan ba ta tambaye ni ɗan wane ne ba. Ta ce in ina salla, in ba zan dake ta ba, ta ba ni. Da uwarki ta rasu na rasa inda zan sa kaina, ita ta ce in tafi in yi aikina, ta riƙe ki." Ya ajiye ludayin. "Laifina ne da na bar Nana ta raba ki da can. Amma wannan na cikin hoton, ba Nana ba ce a tsaye."

Ya ce in tashi in tafi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari da azahar ina aiki aka ce ana sallama da ni a baya. Kawu Siddo ne a kan kabu-kabu, da buhu ɗaure a bayansa. Na gane buhun, ga tambarin Hannu Ɗaya a jiki, ko ɗinkin bakin ba a kwance ba. Ya sauke shi a gabana, ya ɗora gidan sauron a kai, yana cikin ledarsa.

Ya ce, "Ta ce a maido. Ta ce a ba wanda ba shi da kowa."

"Kawu…"

"Ban gama ba. Yara sun nuna mata hoton, sun karanta mata abin da aka rubuta. Ta dai ce sadaka halal ce gare ta daga hannun kowa, amma ban da hannun da ta yi wa tsarki." Ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa ya fito da ƙunshin takardar siminti. "Wannan kuma naki ne na wata. A cikin ƙullin kayanta ta fito da shi ranar ruwa. Ta so ta ba ki ranar Asabar."

Na karɓa. Ƙanshin ya taso mini, na tsuguna a wurin ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Kawu bai rarrashe ni ba. Ya hau kabu-kabu, sai da mai mashin ya tayar sannan ya ce, "Jikinta da zafi tun shekaranjiya. Sauro ya yi yawa a filin, ta ƙi shiga gidan sauron kowa."

Da la'asar saƙon Zahradeen ya shigo: "Albishir. Hajiya ta ce ita za ta sake gina wa Iyar cikin hoto ɗakinta. Ki duba mana rajistanku ki samo cikakken sunanta."

Na rubuta masa: "Perzidan, akwai maganar da ya kamata ka sani." Na goge. Na rubuta: "Sunanta Ajuma, kuma ita ce." Na goge. A ƙarshe na tura: "To, zan duba."

Ranar Alhamis tun da sassafe na nemi wata ta riƙe mini aiki. Na zuba maganin palu, wato zazzaɓin sauro, da ledar serom ta ƙarin ruwa a jaka, na ɗauki kabu-kabu zuwa Tunuga. Ban sa jile ba, ban sa takunkumi ba. Atamfa ce a jikina da ɗan hijabi. Shirina shi ne in yi mata magani, in roƙe ta gafara, in dawo kafin azahar ba wanda ya sani. Kun ji ko? Har a ranar, ɓoyewa nake shirin yi.

Na same ta a cikin wani aji, kwance kan tabarma, an lulluɓe ta da zane. Jikinta kamar garwashi. Na durƙusa na ce, "Kaka, ni ce."

Ta buɗe ido ta ce, "Likita ce ta zo?"

"Kaka, don Allah. Kuburu ce."

Ta dai bar ni na nemi jijiya na sa mata ruwa. Na rataye ledar a ƙusar allo. Ina zaune ina riƙe da hannunta, ina ta magana, ban ma san me nake faɗa ba. Can ta ce, "Yaron nan mai buhu, shi ne?"

Na ce shi ne.

"Yana da kunya. Na ga yadda ya sunkuya." Ta numfasa. "Ba ki yi zaɓen banza ba."

Ban rufe baki ba na ji ƙarar mota a fili, na ji yara suna cewa ga masu koriyar riga. Na leƙa ta taga. Motar Zahradeen ce. Ya fito ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar, Hajiya Rakiya ta sauko cikin shadda ruwan goro da babban mayafi, tana tattare bakin zanenta saboda laka. Ashe da ta ga na yi jinkirin samo suna, cewa ta yi a kawo ta ta nemi tsohuwar da kanta, ai da hoto a hannu ba za a rasa ta ba.

Kaka ta ga fuskata ta gane. Ta damƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta ce, "Ki yi shiru. Kin riga kin faɗi abin da kika faɗa, ni ma na taya ki. Kada ki ɓata abinki saboda ni. Kwana nawa ya rage mini?"

Suka yi sallama suka shigo. Zahradeen ya tsaya turus da ya gan ni, sai fuskarsa ta washe. Hajiya ta ce, "Ikon Allah. Ka gani ko? Ta riga mu. Ƴata, ke da ba ki da lafiya kika biyo mara lafiyarki har nan?"

Ta zauna a bakin tabarma ba ta damu da shaddarta ba, ta gaishe da Kaka da Dendanci, yaren yankin, ta tambaye ta jiki. Sannan ta ce, "Iya, an ce ba ki da kowa. Daga yau kina da mu."

Kaka ta ce, "Na gode, Allah ya saka."

Yatsunta suna nan a wuyan hannuna suna matsa ni. Na zare hannuna.

Na ce, "Hajiya, tana da kowa. Kakata ce. Ita ta haifi mahaifiyata, ita ta goya ni har na shekara bakwai. A tungarsu aka haife ni."

Hajiya ta kalle ni, ta kalli Kaka, ta sake kallona. Ta gyara wa Kaka zanen da ya zame, ta ce Allah ya sawwaƙe, ta miƙe ta ce wa ɗanta tana mota.

Zahradeen ya ce in zo. Muka tsaya a baranda. Bai ɗaga murya ba, bai ma kalle ni ba, filin yake kallo.

Ya ce, "Kin ce sun ƙare. Na yi musu addu'a."

"Na ji tsoro ne."

"Tsoron me? Kubra, kakana da jaki ya shigo Gaya yana sayar da gishiri. Hajiya da kanta take ba da labarin." Ya shafa fuskarsa. "Ni na ɗora mata buhu a ka. Tsohuwa mai sanda. Kina riƙe da ɗaya gefen. Da kin ce mini ko maƙwabciyarku ce, da na kai mata har inda take."

Ya ce, "Shekara uku muna cewa don Allah muke yi. Yanzu ban san don wa muke yi ba, har ni." Ya sauka ya tafi mota. Kafin su fita daga filin ya aiko wani dattijo ya ce in jikin ya ƙi a kira shi, zai turo mota.

Kwana uku na yi a ajin nan, a tabarma ɗaya da ita. Zazzaɓin ya sauka ranar Asabar, ta sha kunu, ta zauna da kanta. Baba ya zo ya durƙusa a gabanta ya daɗe, ya ce ta shirya mu tafi Gaya, ɗaki na nan. Ni ma na roƙe ta har na rasa kalma.

Ta ce, "Abdoulaye, ranar da ruwa ya ci ɗakina ba a kira ni ba. Yanzu don an ji kunya ba zan je ba. In ruwa ya janye Siddo zai tayar mini da bango." Ta juyo gare ni. "Na yafe miki, Kuburu, tun a layin. Amma ki bar ni a inda aka san ni."

Gidan sauro kawai ta yarda na ɗaura mata, shi ma sai da na rantse a kasuwar Tunuga na saye shi.

Ni na kira Khaulat na ce ta sauke hoton, na faɗa mata dalili. Ta yi kuka ta ce na sa ta yi wa tsohuwa ƙarya a gaban duniya. Gaskiyarta ne. Reniyon Lahadi ban je ba. Jilen yana rataye a bayan ƙofata, ban san ko zan iya sake sa shi ba. Gwaggo ba ta yi mini magana sai ta dole, amma jiya na ga ta ƙulla sabulu da zane biyu ta ba Baba ba ta ce na wane ne ba.

Yau Laraba, jibi ce Juma'ar da aka tsayar. Kwana shida ban ji daga Zahradeen ba, sai ɗazu da hantsi, ina cikin awon ciki, salulata ta yi ƙara. Na gama da matar, na wanke hannu, na buɗe.

"Hajiya ta ce a ɗaga zuwan Juma'a. Ba ta ce an fasa ba. Ta ce tana son ta ji daga bakina ko har yanzu ina so, ni kuma ba zan iya ba ta amsa ba sai kin ba ni tawa. Tambaya ɗaya ce. Da ba mu same ki a ajin nan ba, yaushe za ki faɗa mini?"

Na rubuta "Kafin aure." Na goge, don ban tabbata ba. Na rubuta "Ina ta niyya." Na goge, don kun ji da wace niyya na hau kabu-kabu ranar. Amsar da ta rage ita ce wadda nake jin za ta raba ni da shi, kuma ita kaɗai ce gaskiya. Na rubuta ta: "Ban sani ba. Wataƙila da ban taɓa faɗa ba."

Na tura da ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin. Ya karanta nan take. Tun lokacin sau huɗu ina ganin yana rubutu, sai ya tsaya.